Rigunan Sammani Masu Tanki

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki layin teloli na bakin kasuwar Batsari ya san Sammani, in bai san sunansa ba ya san muryarsa. Kekensa ɗaya ne, tsoho, mai ƙara kamar injin niƙa, amma in ya buɗe baki sai ka rantse masaƙa gare shi a Legas. Shi ne mai cewa da ido yake awo, tef na 'yan koyo ne. Shi ya sa rabin mazan unguwarsu wandonsu a ƙwauri yake tsayawa, sauran kuma suna tafe suna share wa gari hanya.

To, a shekarar nan da mai ya yi tashin da ya yi, mudun masara ya zama abin gaisarwa daga nesa, aka sa ranar auren ɗansa Jabir da wata yarinya 'yar Safana, Mahfuza. Ba da sauƙi aka samu ba. Waliyyinta, baffanta Malam Haliru, tsohon malamin firamare ne mai tsare gida, sau biyu yana mayar da masu nema. Ya ce yaron ba shi da aibu, labarin uban ne ya ishe shi. Sai da Daudu, wan Sammani, ya je da ƙafarsa ya durƙusa, ya yi alkawarin ranar ɗaurin aure ba za a ga komai ba sai natsuwa.

Malam Haliru ya ce, "Na ji. Amma in na ga wasan yara a ƙofar gidana, naɗe tabarmata zan yi in shige ciki, kowa ya kama gabansa."

Wannan magana ita ta hana Barira, matar Sammani, sukuni. Tunkiyarta ɗaya da ta rage ta sayar, ta sa aka sayo mata bandir ɗin farin yadi, don mazan da za su je Safana su sha biyu su fita da kaya iri ɗaya, fari tas, kada surukai su raina. Ta miƙa wa mijinta yadin da hannu biyu, kamar mai ba da jariri.

"Malam, kaftani kawai. Ba aiki, ba ado. Don girman Allah."

"Ke Barira, ni za ki koya wa kaftani? Ina barci ma ina ɗinka shi."

"Shi nake tsoro," in ji ta.

Da a ce a Batsari ya sayi zare, da shi ke nan. Amma ya ce zaren Batsari ba na biki ba ne, ya hau mota sai Katsina. Can a wani shago ya ga riguna a rataye, kowacce da hoton hasumiyar Gobarau a ƙirji. Mai shagon ya nuna masa wata takarda cikin gilashi a bango, ya ce ba kowa ke buga hoton gari a tufa ba, sai mai izinin hukuma. Baƙi suna saye, ma'aikata suna saye, har Abuja ake aikawa.

Sammani ya dawo gida bai sayo zaren ba.

"Barira, an bar mu a baya. Mutum ya sa riga a san daga ina ya fito, shi ne wayewa. In muka sauka Safana, tun kafin mu yi sallama rigunanmu sun gabatar da mu."

"Bakinku me zai yi?"

"Ke ba ki gane ba. Batsari za mu ɗauka a ƙirji mu kai musu."

Barira ta ajiye tankaɗen da ke hannunta. "Malam, yaron nan shekara biyu yana bin hanyar Safana, hanyar da mutum ba ya bi sai ya yi addu'a. Kada ka sa wahalarsa ta tashi a banza."

"Gode mini zai yi. Malam Haliru ɗan boko ne, in ya ga takardar hukuma da hatimi, da kansa zai tashi ya ba ni kujera."

Washegari ya kai maganar teburin Alu mai shayi. Alu taubashinsa ne, tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba.

"To bawana," in ji Alu, yana juya shayi daga kofi zuwa kofi, "su Katsina suna da hasumiya. Mu me za ka buga? Ramin da ke gaban tasha?"

Wani ya ce a buga kukar kasuwa. Sammani ya ce kowane ƙauye yana da kuka, har Wagini. Wani ya ce dutse. Ya ce dutse a riga sai a ɗauka miya ce ta zuba. Yana cikin magana ya ɗaga kai, idonsa ya faɗa kan tsohon tankin ruwan da ke bayan layin teloli, mai ƙafafu huɗu na ƙarfe, wanda yaran unguwar ba su taɓa ganin ɗigon ruwa ya fito daga cikinsa ba.

Ya miƙe tsaye. "Ga shi nan. Shekara nawa yana tsaye, bai taɓa sunkuya wa kowa ba."

"Bai taɓa shayar da kowa ba dai," in ji Alu. "Kun dace. Dogon wuya, ƙaton kai, ciki ba komai."

"Yi dariyarka. Kana cikin sha biyun."

Saura izini. Sammani ya sa hularsa ta sallah ya bi ofisoshi, wannan ya tura shi can, wancan ya ce mai kujerar bai zo ba, har ya dangana da wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya inda wani akawu mai suna Mani ke zaune yana korar ƙuda da fayil. Mani ya saurare shi har ƙarshe, ya sosa ƙeya.

"Malam Sammani, shekarata goma sha tara a nan, ba a taɓa neman izinin tanki ba. Kai dai je ka buga abinka, ba mai hana ka."

"Haba ranka ya daɗe. In buga ba takarda, kamar wani ɗan kama-wuri-zauna? Ni harkata a kan doka take."

Mani ya buɗe durowa. Fom iri ɗaya ne ya rage masa, na shaidar tafiya da dabbobi, wanda ake ba mai kai shanu wata kasuwa don kada a ce na sata ne.

"Wannan kaɗai gare ni."

"Yana da gurbin hatimi?"

"Yana da shi."

"Cika."

Mani ya lashi bakin biro. "Irin dabba?"

"Tanki."

"Launi?"

"Shuɗi."

"Namiji ko mace?"

Sammani ya yi ɗan tunani. "Sa namiji. Ɗaurin aure za shi."

"Wata alama a jiki?"

"Tsani a gefen hagu."

"Guda nawa?"

"Sha biyu."

Mani ya hura wa hatimi iska ya buga da ƙarfi har teburin ya girgiza. Sammani ya karɓa, ya sa aka lulluɓe takardar da leda a shagon masu hoto, ya ɗaura mata igiya ya rataya a wuya. Kwana uku duk wanda ya ce masa ina kwana sai ya karanta.

Ɗinkin kaftanin bai ɗauke shi lokaci ba. Bugun hoton ne ya zama aiki. Ya tambayi kuɗin tawadar da masu buga riguna ke amfani da ita, da aka faɗa masa sai ya ce ai dama ba ta da ƙarko. Ya samo tsohon hoton ƙirji na asibiti, irin baƙin nan mai santsi, ya sa reza ya yanke siffar tanki a jiki. Da ya ɗaga shi a rana, Barira ta leƙo.

"Tukunya ce a kan murhu?"

"Tanki ne."

"To wannan abin na gefe, muciya ce?"

"Tsani ne, Barira. Shiga ciki."

Gwajin farko da ragowar fentin ƙofa ya yi, a kan wata tsohuwar 'yar shara, ya lallashi Alu ya sa don masu shan shayi su gani. Fenti ya ratsa yadi ya kama gashin ƙirjin Alu. Da azahar ta yi ya zo tuɓewa, riga ta ce ba inda za ta. Mutum uku suka riƙe shi, na huɗu yana ɗiga kananzir, shi kuma yana ambaton kakannin Sammani ɗaya bayan ɗaya, ya manta kakanninsu ɗaya ne.

"Ka ga ƙarko ko?" in ji Sammani. "Matsalar ita ce ya yi kyau da yawa."

Gwaji na biyu da shunin wanki ya yi, a kan tasa rigar. Hoto ya fito sarai. Ya sa ya zaga kasuwa da tsakar rana yana buɗe ƙirji. Kafin ya kai rumfar mahauta zufa ta karyo, tanki ya narke ya gangara. Ya shigo gida shuɗi daga wuya har cibiya.

"Yau dai tankin ya kawo ruwa," Alu ya ɗaga murya daga teburinsa. "A sanar da gari a fito da bokiti."

Barira tana cuɗa rigar a bakin rariya, ranta a ɓace, ta yi subul da baka. "Ko sabuwar atamfa ai sai an jiƙa ta da gishiri take daina zuba."

Sammani ya tsaya da soso a hannu. "Abin da nake shirin faɗa ke nan kika riga ni."

"Ban ce komai ba. Kuma gishirina na miya ne, ko tsinke ba za ka taɓa ba."

Bai taɓa ba. Ranar kasuwa ya shiga kara, wajen masu dabbobi, ya sayo ƙaton kantun gishirin da ake ajiye wa shanu su lasa, ya ce ya fi araha kuma ya fi ƙarfi. Ya daka shi a turmi, ya kwaɓa da shuni, ya zuba ƙaro don ya kama, ya ƙara kullun rogo don ya yi jiki. Abu ya yi kauri kamar tuwon da ya kwana. Ya shimfiɗa kaftani na farko, ya ɗora hoton, ya lafta. Da ya ga ragowar kwaɓin da yawa, ya ce zubarwa almubazzaranci ne, ya juya rigunan ya buga wani tankin a baya, don wanda ke bayanka ma ya san daga ina kake.

Ya shanya su a kan rufin kwano. Da suka bushe, gaskiya ba su zuba ba. Tankunan suka tashi ɓaro-ɓaro, da tauri kamar ƙanzo, suna ƙyalli a rana.

Jabir ya dawo daga makarantar da yake koyarwa, ya tsaya tsakar gida yana kallon sama. Yaro ne mai sanyi, bai taɓa ɗaga wa ubansa murya ba.

"Baba, har da tawa?"

"Taka ta fi kowacce. Sau biyu na shafa mata."

Jabir ya dubi uwarsa. Ita kuma ta dubi ƙasa, don ɗan fari ne, ba ta iya tsaya masa a gaban mutane. Amma da ya wuce ta ce wa bango, "Allah ka dubi tunkiyata."

Daudu bai ga rigunan ba sai safiyar Asabar, bas na tsaye a ƙofar gida, direba na danna ham. Ya juya tasa gaba da baya, ya yi salati. Babu lokacin sake wasu, kuma yawancin mutanen da tsofaffin kayan aiki suka zo, don an ce musu akwai sabbi. Ya tara su a zaure.

"Ku saurare ni. Na ba mutumin nan alkawari. In mun zauna, mun zauna. Ba dariya, ba waige, ba motsi. Ko kunama ta harbi mutum, ya ce amin ya yi shiru. Kai kuma Sammani, bakinka a aljihu."

"Yaya, rigunan za su yi magana."

"Abin da ke damuna ke nan."

Suka shiga mota kowa na tafiya a sanƙare, rigunan na ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Mani ma yana ciki, Sammani ya gayyace shi a matsayin wakilin hukuma.

Sun yi rabin hanya suka tarar da shingen 'yan sintiri. Shugabansu ya leƙo ya ce ina za a. Kafin Daudu ya buɗe baki Sammani ya miƙa takardar wuyansa ta taga. Mutumin ya karanta a hankali yana bin layi da yatsa, ya zaga ya buɗe but, ya leƙa ƙarƙashin kujeru.

"Ina dabbobin?"

Sammani ya bugi ƙirjinsa. "Ga su."

Aka ce kowa ya sauko. Aka jera mutum sha biyu a bakin hanya, aka ƙirga tankunan gaba, suka cika. Sai wani cikin 'yan sintirin ya zaga ta baya.

"Oga, akwai wasu a nan."

"Takarda ta ce sha biyu. Waɗannan na bayan na waye?"

Sammani ya ce 'ya'yansu ne. Mani ya ce shi dai abin da aka faɗa masa ya rubuta. Alu ya ce a tsare telan a saki sauran, shi zai ba da shaida. 'Yan sintiri sun daɗe ba su sami abin dariya ba, suka ƙi sakin abin da wuri, har suka kira na ƙauyen gaba a waya su zo su gani. Sai da Daudu ya ɗaga hannu ya roƙe su da Allah, aka sallame su da sharaɗin kowa ya manna bayansa da kujera har Safana.

Suka isa rana ta take, an fi awa ana jiransu, kowa ya jiƙe da zufa. Malam Haliru na zaune a kan tabarmarsa ƙarƙashin dalbejiya, kusa da liman. Ya dubi agogonsa, ya dubi ƙirjin Daudu, ya dubi na kusa da shi, har ya kai ƙarshen layi. Ya nuna musu tabarmin da aka shimfiɗa wa baƙi a inuwa, jikin wata dangar kara.

Bayan wannan danga garke ne. Tun da daji ya ƙi zaunuwa, danginsu na garin Zakka suka kwaso dabbobinsu suka tara a gidan Malam Haliru, awaki, tumaki da shanu bakwai, wani Bafulatani Yero na kula da su. Dusa ma da ƙyar ake samu a shekarar, balle gishirin lasa. Watansu huɗu ba su ɗanɗana ba.

Aka raba goro. Liman ya gyara murya ya fara salati. Iska ta kaɗo ta bi ta kan bayan mutum sha biyu masu zufa, ta shige garke.

Alu ne ya fara jin abu mai ɗumi yana bin bayansa daga ƙasa zuwa sama. Ya zunguri Sammani da gwiwar hannu.

"Bawana, bari. Ba wurin wasa ba ne."

"Hannuwana ga su a gabana."

Alu ya saci kallo. Wata jar akuya ce ta zuro kai ta tsakanin kara, idonta a lumshe, tana lasar tankinsa da natsuwar mai shan fura. Ya tuna gargaɗin Daudu, ya daure ya ce amin.

Kai na biyu ya ɓullo bayan Mani. Na uku, na huɗu. Danga ta fara kwanciya a hankali, ta yi ƙara sau ɗaya, ta zube. Garke ya fito gaba ɗaya.

Abin mamaki, ba wanda ya motsa. Mutanen Batsari sun riƙe alkawari. Suna zaune sun tanƙwashe ƙafa, tafin hannu a sama, kowa da akuya biyu ko uku, wata a baya wata ta hau cinya tana aikin ƙirji. Mutanen Safana suka ga baƙi ba su ce komai ba, suka ɗauka ko wata al'ada ce tasu, su ma suka yi tsit. Liman ya rufe ido ya ƙara sauri.

"Waye mai nema?"

Daudu ya matso. Wata farar saniya ta matso tare da shi.

"Ni ne, Allah gafarta malam. Muna nema wa ɗanmu Jabir auren..." Saniya ta sa harshe tun daga ƙugunsa ta ja sama, kaftani ya naɗe ya rufe masa kai. Daga cikin riga muryarsa ta ci gaba, a shaƙe, "...ɗiyarku Mahfuza."

Wani yaro a bayan taro ya ƙyalƙyale. Daga nan abin ya ɓalle. Mutanen Safana suka kwanta a kan tabarmi, mata suka leƙo ta kan katanga, Yero ya shigo da gudu da sanda yana kiran shanunsa da sunayensu, ba wadda ta waiwayo.

Sammani ya ga lokacin bayani ya yi. Ya miƙe, ya ɗaga takardarsa sama.

"Jama'a, kada kowa ya tsorata. Wannan aiki da izinin hukuma aka yi shi. Abin da kuke gani shaida ce ta inganci, domin ko dabba..."

Bai ƙarasa ba. Bajimin garken, wanda tun ɗazu yake neman gurbi bai samu ba, ya ga tanki guda a tsaye ba mai shi. Ya taho yana huci. Sammani ya nuna masa takardar. Bajimi bai tsaya karatu ba. Sammani ya ja da baya, ya juya, bajimi ya ga ashe akwai wani a baya. Suka zaga dalbejiya sau uku, hular sallah ta faɗi, takalmi ɗaya ya yi gabas.

"Tuɓe, bawana," Alu ke ihu, shi ma yana kokawa da tunkiya. "Ba kai yake so ba, ba wanda ke son ka. Ba shi rigar."

Sammani ya tuɓe a guje ya jefar. Ya tsaya a tsakiyar taro da singileti mai huji uku, yana haki, takarda na lilo a wuyansa. Saniyar da ta gama da Daudu ta zo wucewa ta lashi sanƙonsa sau ɗaya, ko don zufar, ta bar masa shuɗin layi.

Malam Haliru ya tashi tsaye. Ya sunkuya ya kama bakin tabarmarsa ya fara naɗewa.

Dariya ta ɗauke. Daudu ya fito da kai daga cikin riga.

Malam Haliru ya kai rabin naɗi idonsa ya faɗa kan ƙarshen layi. Kowa ya watse daga wurinsa, wasu sun tuɓe, wasu sun hau benci, sai mutum ɗaya. Jabir na zaune yadda aka ajiye shi tun farko, kai a sunkuye, hannu a buɗe. Da yake tasa sau biyu aka shafa, awaki biyar ne a kansa, wata ƙaramar har ta taka kafaɗarsa. Bai kore su ba, bai ɗago ba.

Malam Haliru ya daɗe yana kallonsa.

"Kai yaro. Ba ka jin abin da ke kanka?"

"Ina ji, Baba."

"Me ya hana ka tashi?"

"An ce in mun zauna mun zauna."

"Shekararka nawa a gidan wancan mutumin?"

"Ashirin da bakwai."

"Kullum haka yake?"

Jabir ya ƙara sunkuyar da kai, don ba ya iya cewa e a gaban ubansa, ba ya kuma iya yi wa suruki ƙarya.

Malam Haliru ya warware tabarmar da ƙafa, ya koma ya zauna, ya gyara babbar rigarsa.

"Liman, ci gaba. Wanda ya yi shekara ashirin da bakwai yana haƙuri da wannan, ba abin da ɗiyata za ta yi masa ya ɗaga murya. Na ba shi." Ya juya wajen Daudu. "Amma rigunan nan a nan za su kwana. Yero, shuni na kashe akuya?"

"Ba ya kashewa, Malam. Harshe dai zai yi kwana biyu da shuɗi."

"To a tattara a rataye musu a garke. Gishiri ya yi tsada."

Haka aka shafa fatiha, mutanen ango sha biyu a jere cikin singileti, awakin Safana na zagaye da su da shuɗin baki.

La'asar sakaliya bas ta tsaya a ƙofar gidan Sammani. Barira tun safe ba ta sa komai a bakinta ba, tana bayan ƙyaure tana leƙe. Ta ga Daudu ya sauko ba riga. Ta ga Alu ba riga. Ta ga wakilin hukuma ya rufe ƙirji da fayil. Ta dafa bango. Jabir ya shigo, ta kasa dubansa, ta tambayi ƙyauren.

"An ɗaura?"

"An ɗaura, Inna."

Ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ba ka ce kuka take ko dariya ba.

Sammani ya shigo na ƙarshe, takalmi ɗaya a ƙafa, ƙirji a buɗe.

"Barira, ba ki ga kasuwa ba. Rana ɗaya, ko ɗaya ba a bari ba. Rububi aka yi, wallahi har da turereniya. Surukinki da bakinsa ya ce a bar masa su duka."

Ta sauke mayafin, ta dube shi tun daga shuɗin sanƙo har ƙafar da ba takalmi.

"Shiga ciki ka sa riga, Malam. 'Yan kawo amarya na hanya."

"Wacce zan sa?"

"Wadda wani telan ya ɗinka."